Yaƙin Tagar Ɗakin Inna Kande

Da sunan wanda ya saukar da ƙarfe ya hore shi ga bayinsa, ga tarihin sadauki ɗan sadaukai, Malam Tanimu na Funtuwa, ɗan Jatau wanda ya kori kunama daga takalmin liman, jikan Barau wanda ya hau rimi bai sauko ba sai da aka aro tsani daga wani gari. Toron giwa, angon Asabe, malamin gona mai ritaya, gagara badau wanda rediyon gidansa ba ya magana sai ya sha mari daga hannunsa mai albarka.

Asalin fitinar kuwa wani zabo ne da ya tsere wa wuƙa ranar Sallah, ya yi karo da tagar ɗakin baƙi, taga ta ƙarfe mai idon gilashi shida, ya fasa ido ɗaya ya fice abinsa. Shekara biyu kafar nan tana buɗe. A ɗakin nan surukarsa Inna Kande take sauka duk bazara, kuma shekara ashirin da shida yana auren 'yarta bai taɓa jin ta yabi wani abu da hannunsa ya yi ba. Wannan abu yana ci masa rai ƙwarai, ko da yake bai taɓa faɗa wa kowa ba. Ran Litinin sai ga labari ya iso cewa Inna tana tafe ranar Juma'a.

Asabe ta ce, "Malam, a kira mai gyara mana."

Ya ce, "Ina raye?"

Nan take ya ɗaura ɗamarar azama. Uwargida ta miƙo masa tef ɗin ɗinkinta, ya kawar da kai, don a nasabarsu kaf babu wanda ya taɓa auna abu da zare mai lamba. Ya ware yatsunsa a kan ƙarfe, ya samu taƙi biyu a tsaye, taƙi ɗaya da yatsu uku a kwance, ya haddace su kamar ƙulhuwallahu, ya yi tawakkali ya nufi bakin kasuwa inda Ɓaidu mai yankan gilashi yake. Shi ko Ɓaidu ƙato ne, tafin hannunsa kamar faifai. Ya ji awo, ya gyaɗa kai, ya auna da nasa taƙin, ya ja layi ya ɓalle.

Sadauki ya ɗauko ganima ya riƙe ta a gaba tamkar garkuwa, ya keta rundunar 'yan acaɓa da masu tura baro da tumakin da ba su san darajar manya ba, yana kururuwa, "Hanya, gilashi!" Ya iso gida cikin izza, ya kara ta da taga, sai ga gilashi ya rufe idon da ya mutu har ya ci rabin maƙwabcinsa.

Aka zauna majalisar shawara, shi kaɗai. Bayan dogon nazari ya yanke hukunci cewa tagar ce ta tsuke saboda tsufa. Asabe tana tankaɗe a gefe, kafaɗunta suna rawa don dariyar da take dannewa.

Washegari ya sake salon yaƙi. Ya zaro kara biyu daga dangar maƙwabta, ya yanke ɗaya daidai tsawo ɗaya daidai faɗi, ya koma ya dire su gaban Ɓaidu, aka rage gilashi. Amma maƙiyi yana da sauran dakaru. Tsohon ƙullun da aka liƙe gilashin farko da shi ya bushe a jikin ƙarfe tun zamanin da aka gina gidan, ya zama dutse, da guntayen gilashi a kafe cikinsa. Jarumi ya karɓi wuƙar yankan albasa ya faɗa musu, Laraba tun hantsi har Alhamis da azahar, yana sara yana kankara, gumi na zuba, tsatsa na shiga masa ido, har wani ɗan tsinin gilashi ya yi masa kwanton ɓauna ya tsaga masa babban yatsa. Aka ɗaure raunin da tsumma, ya fita ya nuna wa duk wanda ke zaune a ƙofar masallaci. Da ya dawo ya zaunar da gilashi a gurbinsa, ya bi gefe huɗu da sabon ƙullu yana dannawa, bai bar ko kafar allura ba.

Juma'a Inna ta sauka. Ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe ta kamar yadda suruki ke yi, ya koma tsakar gida ya zauna a tabarma, ya ɗora yatsan nan mai tsumma a kan gwiwa inda za a gan shi. Ya kasa kunne. Can sai Asabe ta fito.

"Malam, Inna ta ga aiki. Ta ce wanda ya sa gilashin nan gwani ne, Allah ya yi masa albarka, ko iska ba ta wucewa."

Ƙwalla ta cika idon toron giwa.

"Ta ce shi ya sa a cire shi kafin la'asar. Tagar ta yi tsatsa ba ta buɗuwa, ta wannan kafar kaɗai take shan iska."

Masana tarihi sun haɗu a kan cewa wannan ne yabo na farko da Malam Tanimu ya samu daga surukarsa. Gilashin kuwa yana nan jingine a bayan randa.