Rasuwar Filaya Mai Giɓi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafafun da suka ƙi zama wuri ɗaya, maƙeriyar kayan adon nan da unguwa ke kira 'Yar Waya tana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da duk wadda ta taɓa rataya aikinta a kunne ko a wuya, rasuwar filayarta, wadda aka fi sani da Mai Giɓi. Ta cika ranar Talata da hantsi a kan teburin aiki, da wayar azurfa a bakinta, ana tsakiyar murɗa ɗan kunne.

Babu wanda ya san shekarun marigayiya. An tsince ta ne a akwatin kayan gyaran mahaifin 'Yar Waya bayan rasuwarsa, tsakanin ƙusoshi masu tsatsa da wani makulli da har yau ba a gano ƙofarsa ba. A lokacin haƙoranta cikakku ne. Giɓin daga baya ta same shi a hannun Mama, mahaifiyar 'Yar Waya, wadda ta ɗauke ta wata rana ta zare ƙusa a bangon falo don a sauya wa agogo wuri. Ƙusar ta fita, ɗan bakin filaya ma ya bi ta. 'Yar Waya ta yi kuka ranar har da majina. Mama kuwa cewa ta yi, "Ƙarfe ne fa, ba ɗan mutum ba. Share fuskarki ki wuce ofis kafin ki makara."

A wancan zamanin 'Yar Waya ma'aikaciyar ofis ce. Takardar shaidar karatunta na rataye a falo cikin gilashi, Mama na goge ta kullum tun kafin ta goge madubi. Marigayiya ce ke bin uwar ɗakinta aiki a cikin jaka, ta kwanta kusa da man shafawa, ta jira lokacin hutu su murɗa waya a ƙarƙashin tebur. Ita ce kaɗai shaida ranar da 'Yar Waya ta ajiye aikin, ta dawo gida, ta ja tebur gindin taga ta ce daga yau nan ne ofis. Mama ta yi mako ba ta dubi kusurwar ba.

Duk wanda ya zauna da marigayiya zai shaide ta da ƙarancin magana. In ta kama waya ta ce ƙas. In ta murɗa ta ce ƙiiƙ. Iyakarta ke nan. Ba ta taɓa neman caji ba, ba ta taɓa cewa sai an kawo wuta ba. Tagulla ta riƙe da mutunci, azurfa ta riƙe da mutunci, ba ta bambanta mai tsada da mai araha. Aibinta ɗaya ne, kuma ba za a ɓoye shi don ta mutu ba: duk wayar da ta bi ta bakinta sai giɓin nan ya bar mata ɗan tabo kamar shatin farce. Shekaru 'Yar Waya ta yi tana bin tabon da magagari tana gogewa, tana tsaki, tana cewa da ta samu hali sai sabuwa.

Sai wata rana sauri ya hana ta gogewa. Ta kai 'yan kunne wajen mai kantin kayan ado na babban titi, tana addu'ar kada ta lura. Mai kanti ta lura. Ta juya su wajen taga, ta sake juyawa, ta ce, "Ke, wannan ɗan tabon shi ke kama haske. Na inji ba su da shi. Kar ki ƙara goge mini shi." Daga nan mata suka fara zuwa kanti suna tambayar irin masu tabon nan. A watan jiya mai kanti ta ce ta ba ta akwatin gilashin bakin ƙofa, ta cika shi da zanenta ita kaɗai, da sunanta a jiki, a buɗe ranar Asabar ɗin nan. In bai cika ba kayan inji za su koma wurinsu. 'Yar Waya kuwa da bakinta ta yi wa Mama alkawari: in wannan bai yiwu ba, za ta ɗauki jakarta ta koma neman aikin ofis, ba gardama.

Marigayiya ta daɗe tana fama, ba ta dai faɗa ba. Gaɓarta ta saki, aka riƙa ɗiga mata man keken ɗinki. Robar hannunta ta saɓule, aka naɗe da salatif. Ranar Talata ta kama waya ta ce ƙas kamar kullum, aka matsa, sai ta yi wata ƙara da ba a taɓa jin ta yi ba, muƙamuƙinta ɗaya ya faɗo kan tebur. An garzaya da ita wajen mai walda na ƙarshen layi. Ya ɗaga gilashin fuskarsa, ya juya ta, ya girgiza kai. "Malama, sai haƙuri. In na liƙa ta za ta riƙe kwana biyu, amma wutar za ta cike giɓin. Kin ga ba ita ba ce kuma."

An sayo sabuwa a ranar, mai sheƙi, haƙora a jere. Aikinta sumul, ba tabo ba alama. 'Yar Waya ta kai wa mai kanti gwaji. Mai kanti ta juya su wajen taga ta ce, "Suna da kyau. Wa ya yi su?"

Tun daga wannan tambayar 'Yar Waya ba ta zauna ba. Ta je taga, ta dawo tebur, ta ɗauki fensir, ta ajiye. Ta dafa shayi ta manta da shi. Ta gwada karce waya da magagari, ya fito kamar ciwo. Ta gwada da bakin almakashi, wayar ta tsinke. Abin da ke cinta ya wuce maganar Asabar. Tsoro take ji kada ya zama duk shekarun nan gwanintar a bakin filaya take, ita riƙewa kawai take yi.

Marigayiya ta rasu ta bar magagari, abokin hamayyarta na tsawon rai, da ƙaramar guduma, da almakashi, da sandar awon zobe wadda ba ta san me ake ciki ba. Ta bar 'ya'ya masu yawa a kunnuwan mutane. Ta kuma bar autanta, ɗan kunne guda maraya, wanda ta gama shi ba ta kai ga ɗan'uwansa ba.

Wadda ta fara zuwa gaisuwa Mama ce, jiya da la'asar. 'Yar Waya na ganin ta a bakin ƙofa ta sunkuyar da kai, ta san maganar ofis ce ta zo. Mama ta tsaya kan teburin da ba ta taɓa tsayawa a kansa ba. Ta ɗauki marayan ɗan kunnen, ta kai shi haske, ta daɗe tana kallo.

"Wannan tabon ne ya hana ki cin abinci?"

"Shi ne, Mama."

"Kuma ni na yi shi?"

"Ke ce."

"To ai hannun da ya yi shi bai mutu ba. Ba ni sabuwar."

Ta fara da ƙusar agogo. Ta fita salin alin, filaya ko gezau. Ta zare ta kalanda, ta zare ta labule, ta zare wadda ake rataya makulli, tana haki tana zagin ƙarfen zamani da taurin kai. Falo ya cika da kayan da ba su da marataya. Saura ƙusa ɗaya, doguwa, mai kauri, wadda ita Mama da kanta ta sa aka kafa don kada abin da ke kanta ya taɓa faɗowa. Ta sauke takardar shaidar, ta goge gilashin da gefen mayafi, ta miƙa wa 'yarta ta ce riƙe. Ta kama ƙusar da hannu biyu. Filaya ta ce ƙas.

Sabon giɓin ya ɗan karkace, bai yi kama da na marigayiya sak ba. Amma 'Yar Waya ta murɗa wa maraya ɗan'uwa, ta karkatar da hannu yadda ta saba ba tare da ta yi tunani ba, tabon ya kama haske.

Saboda haka ana sanar da jama'a cewa ba za a yi zaman karɓar gaisuwa a gida ba, don mai makokin ba ta da lokacin ɗaga kai, akwatin ma da saura. Wanda ya matsu ya zo, ya zo da niyyar riƙe waya, kuma kada ya zauna a kujerar gindin taga. Za a kai marigayiya makwancinta ranar Asabar da safe, a kantin babban titi, cikin akwatin gilashin bakin ƙofa, a tsakiyar 'ya'yanta. Ana roƙon masu zuwa kada su tambayi kuɗinta, ba ta sayarwa ba ce. An riga an mayar da agogo da kalanda da labule wurarensu. Ramin ƙusar ƙarshe kuwa, Mama ta ce a bar shi haka.