Yadda Ake Karɓo Hoton Uba Daga Kyamarar Gwamnatin Ingila

Kai mai karatu, gyara zama. In dai ka bi matakan nan bi da bi, ba ka tsallake ko ɗaya ba, na ɗaukar maka alkawari sai ka san abin da kyamarar gwamnatin Ingila ta gani. Tabbas ne, ba wataƙila ba.

In kana tambayar wa ya naɗa ni gwani, sunana Lawal. Harkar mulki gwamnatin jiharmu ta turo ni London in karanta, a shekarun nan da kuɗin mai ya cika ƙasa har muke ganin Ingila bayan gidanmu ce. Gaskiya ban taɓa ƙwato ko hoton kaza daga hannun hukuma ba. Amma ni ne mashawarcin abokina Uwaisu, wanda muke haya gida ɗaya a Woolwich, shi da iyalinsa a sama, ni a ƙasa, lokacin da ya shiga wannan neman a 1976. Duk shawarar da za ka karanta daga bakina ta fito, kuma babu wadda ba a gwada ba.

Mataki na 1: Ka samu dalilin da ya fi ƙarfinka

Ba a tunkarar gwamnatin mutane don son sani kawai. Sai abu ya tsaya maka a zuciya.

Uwaisu ɗan fari ne, mahaifinsa kuma Malam Zailani na Yelwa, mutumin da ya riƙe kunyar ɗan fari kamar farilla. Tun da aka haifi Uwaisu bai taɓa jin sunansa a bakin uban ba, sai dai “wancan” ko “yaron nan”. Bai taɓa ganin ya dube shi ido cikin ido ba. Da yanar ido ta rufe wa tsohon gani, Uwaisu ya kawo shi London aka yi masa aiki. Ranar da aka kwance bandeji, ɗan ya tsaya a bakin gado ya gyara fuska. Tsoho ya buɗe ido, ya dubi likita, ya dubi nas, ya dubi taga, sannan ya ɗaga kai ya duƙufa kallon silin. Duk zuwan da suka yi ta yi asibiti bayan nan, a baya yake tafiya, nesa kaɗan, kamar hanya ce kawai ta haɗa su. A filin jirgi kuwa sallamar duka ita ce, “To.”

Bayan damina waya ta zo daga gida, Malam Zailani ya rasu.

Uwaisu ya san kunya ce, a cikinta ya girma. Amma da mutum ya mutu sai zuciya ta fara kawo wata magana: kunyar ce kuwa, ko dai da ido ya buɗe tsohon ya ga ɗa cikin kwat, ba gemu, abin da ya gani bai yi masa daɗi ba? Ya so ya sake ganin fuskar nan ya karanta da kansa. Hoto ɗaya tak tsohon ya bari a duniya, na fasfo, shi ma a ciki ya rufe ido, hatimi kuma ya cinye rabin fuskar. Ana nan sai Uwaisu ya tuna a tashar tube, wato jirgin ƙarƙashin ƙasa, inda suke canza jirgi in za su asibiti, an kafa sababbin kyamarori saboda masu yankan aljihu. Ya sauko ɗakina a guje.

“Lawal, Baba yana hannun gwamnati! Sun ɗauke shi a kyamara!”

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ya faɗo hannun masana.

Mataki na 2: Ka yi shigar da za ta ba hukuma tsoro

Kada ka je cikin kwat. Mai kwat ɗalibi ne, ɗalibi kuwa layi yake bi. Ka fito da babbar riga mai aiki, ka kafa hula, ka fesa turare har maƙwabta su yi atishawa. A tuna cewa man da ke cikin motar Bature daga ƙasarka ya fito.

Haka na shirya Uwaisu, cikin watan Nuwamba. Kafin mu kai tashar jirgin ƙasa ruwa ya sauko, sitacin rigar ya narke, iska kuma ta riƙa shiga ta wannan hannu tana fita ta wancan. Ya isa haƙora na kaɗawa. Na ce masa kada ya damu, rawar jiki tana ƙara wa mai koke kwarjini.

Mataki na 3: Ka tafi ofishin da ka sani

Gwamnati ɗaya ce, duk ƙofar da ka shiga cikinta ka shiga. Wannan ilimi ne mai zurfi, a aji na koya.

Mu kuwa ofishin gwamnati ɗaya muka sani a duk Ingila, na biza da ke Croydon. Can muka nufa. Muka wuni a layi tsakanin ’yan Indiya da ’yan Ghana, aka kira Uwaisu gab da tashi. Ya yi bayani tun daga Yelwa. Ma’aikacin ya saurara da ladabi, ya ce Allah ya ji ƙan tsoho irin tasu faɗar, sannan ya ce su nan ba su da kyamara, ba su da jirgi. Amma tunda an zo, bari ya ga fasfo. Ya duba, ya ce bizar Uwaisu ta kusa ƙarewa.

Ka ga amfanin shawarata ke nan. Ba don ni ba da bai sani ba.

Mataki na 4: Kada ka je hannu rabbana

Da muka gano ofishin masu jirgin, na sa Uwaisu ya sayi goro a wurin wata ’yar Ghana a kasuwar Woolwich, farare manya, aka naɗe a ganye. Ka fara da gaisuwa. Ka tambayi iyali, ka tambayi aiki, ka tambayi sanyi. Bature bai saba ba, zai ruɗe, mai ruɗewa kuwa yana da sauƙin sha’ani.

Mutumin da muka samu ya ruɗe ɗin. Da Uwaisu ya tambaye shi ya gida, sai ya tambaya ko sun taɓa haɗuwa. Da aka ajiye masa goro, ya ɗauki ɗaya da bakin alƙalami ya juya, ya ce wannan a ina muka tsince shi, don ofishin kayan tsintuwa yana wani titi daban. Uwaisu ya ce ci ake yi. Mutumin ya gutsura don kara, fuskarsa ta tattare wuri ɗaya, ya haɗiye da ƙyar, ya ce abin da ban sha’awa ƙwarai. Sannan ya ce mu rubuto.

Mataki na 5: Ka kafa hujja da doka, ko da babu ita

Ni na rubuta takardar, kuma har yau ina alfahari da ita. Na ce kowane ɗan Adam yana da haƙƙin ganin abin da hukuma ta ɗauka game da shi. Na ja layi a ƙarƙashin haƙƙi. Sai daga baya malaminmu ya gaya mini cewa a Ingila ta lokacin babu wannan doka, wadda ke akwai ma ta hana faɗin sirrin gwamnati ce. Ban ga laifina ba. Dokar ce ta makara.

Amsa ta zo cikin ambulan mai kyau. Sun gode, sun yi juyayi, suna baƙin cikin ba za su iya ba, kuma su ne bayinmu masu biyayya. Ban taɓa ganin an kori mutum da ladabi haka ba.

A ranar na ga Uwaisu ya sare. Ya zauna a matakala da takardar a hannu, ya ce, “Ni ba ƙara zan kai su ba, Lawal. Sau ɗaya kawai nake so in gan shi yana gani.” Na zauna kusa da shi a matakalar.

Mataki na 6: Kada ka saurari matar gida

Mata ba su karanta harkar mulki ba. In sun kawo shawara, ka yi murmushi.

Sakinatu, matar Uwaisu, ta leƙo daga sama da ludayi a hannu. “Malam, ni fa tun farko na ce a tambayi Rwang. Ba a tube ɗin yake aiki ba? Da matarsa muke zuwa clinic tare.”

Na yi murmushi. Na bayyana mata cewa Rwang mai duba tikiti ne, mu kuwa da manya muke magana. Ta ce, “To, Malam Lawal, manyan sun ci goro, sun ƙoshi?” Ta koma kicin. Uwaisu, wanda ba shi da juriya irin tawa, ya saurare ta. Wannan matakin shi kaɗai ne ya karya, kuma ban yafe ba.

Mataki na 7: In ka ga ɗan gida, ka ce dama shi kake nema

Rwang mutumin Jos ne, yana zaune a Plumstead. Muka same shi ranar Lahadi ya dawo daga coci. Ya ji labarin, ya dafa kai.

“Kai, ’yan’uwa! Wa ya ce muku ana recording? Waɗannan kyamarorin ba sa ajiye komai. Talabijin ne kawai a wani ɗaki, mutum ya zauna yana kallo. Abu ya wuce, ya wuce.”

Na ce dama na yi zargin haka. Uwaisu ya sunkuyar da kai. Rwang ya dube shi, ya ce, “Amma bari. Wadda take kallon da rana, Jane, muna shan tea tare. Zan yi mata magana. Ko ba komai ka ga wurin.”

Mataki na 8: Ka yi shiru

Wannan matakin ya fi kowanne wuya, ni kaina da ƙyar na iya.

Jane ba ta yarda mun shiga ɗakin ba, ta ce aikinta zai tafi. A wurin shan shayin ma’aikata ta same mu, wata dattijuwa mai tabarau. Rwang ya fara bayani: tsoho ne, farar babbar riga, baƙin gilashi irin na masu aikin ido. Ta ajiye kofi.

“Wanda yake bin wani saurayi mai kwat ruwan toka? Ai na san shi! Ɓarawon nan!”

Uwaisu ya miƙe tsaye. Rwang ya riƙe shi. Jane ta dafe ƙirji, ta ce a yi haƙuri, haka ta zata da farko, kuma kowa ya gani haka zai zata. Mutum yana bin wani a baya, ba ya yi masa magana, in saurayin ya juyo sai ya kau da kai ya kalli bango. To me za ta ce?

“Amma da zarar ka ba shi baya,” ta ce wa Uwaisu, “sai ya cire gilashin ya kafa maka ido. Daga kai har takalmi. Ba ya ko ƙiftawa. Duk zuwan da kuka yi haka yake yi. Ran nan kana karanta taswirar jirgi, na ga ya matso, ya miƙa hannu wajen kwat ɗinka. Na ɗauki waya zan kira ɗan sanda.”

“Sai me?” in ji Uwaisu. 

“Wuyan kwat ɗinka ne ya naɗe. Ya kai hannu zai gyara, ya tsaya, bai taɓa ba. Sai ya yi wani abu da har yau ban gane ba.” Ta ɗaga tafukanta biyu a buɗe, ta motsa leɓe kaɗan, sannan ta shafa a fuska. “Kamar yana wanke fuska, alhali babu ruwa. Yana dariya kuma. Kana juyowa ya mayar da gilashi ya koma kallon bango. Wai me ke nan?”

Na buɗe baki zan yi mata bayani a ilimance, Rwang ya taka mini ƙafa.

Uwaisu ya zauna. Ya ce, “Dariya kika ce?”

“Har haƙora.”

“Don Allah, sake yi in gani.”

Ta sake ɗaga hannu, ta shafa. Uwaisu ya ɗaga nasa ya shafa tare da ita, ya ce amin. Sannan ya kifa kai a kan teburin mutane ya yi kukan da bai yi ba ranar da waya ta zo.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ya cika alkawari: cewa na yi za ka san abin da kyamara ta gani, ban ce za ka koma gida da hoto ba. Uwaisu har yau ba shi da ko ɗaya, sai na fasfo mai hatimi, kuma ya daina nema. Ba ruwana da goron da ya salwanta, ko rigar da ruwa ya lalata, ko murar da ta biyo baya. Ba ruwana in matarka ta yi ta tuna maka har tsufa cewa ita ta faɗa tun farko. In kuma ka bi matakan nan ka wayi gari kana tafiya a titi da wuyan kwat a naɗe, aka ce ka gyara ka ce a bar shi haka, kada ka zo wurina. Ni harkar mulki na karanta.