Malam Danna-Nan Ya Gyara Hanyar Kasuwa

Duk wanda bai san Malam Danna-Nan ba, gaskiya wayarsa ta cuce shi. Mutum ne da Allah ya yi wa baiwa iri-iri, kuma bai taɓa ɓoye wa jama'a ko ɗaya ba. Shi ya kafa kamfaninsa, shi ne Babban Darakta, shi ne Shugaban Sashen Dabaru. Ma'aikatansa ba su taɓa yajin aiki ba, don shi kaɗai ne. Hedikwatar kuwa wani ɗan teburi ne a kusurwar shagon yayarsa mai sayar da kayan kicin, tsakanin tukwane da bokitai. A nan yake zama cikin kwat, ko da fanka ta tsaya.

Sana'arsa mai sauƙi ce, ko da yake ba zai yarda ba. Yana da shafi a intanet inda yake yabon kaya, su dutsen guga da injin markaɗe. A ƙasan kowane yabo akwai mahaɗi, ɗan shuɗin rubutun nan da ake dannawa ya kai mutum wata babbar kasuwar intanet. In mutum ya saya, a yaga wa Malam ɗan kamasho. Dillanci ke nan, amma ka kuskura ka ce masa dillali, ka yi sallama da gaisuwarsa.

Matsalar kawai, ba a saya. Yaya ta yi haƙuri har ta gaji.

"Auta, ina buƙatar wurin nan," in ji ta. "Sabbin kayana na isowa ƙarshen wata. In ga an sayi ko cokali ta hanyarka, in ba haka ba katan zan jera a nan."

"Yaya, a daina Autan nan a gaban kwastoma. Kuma ni ba cokali nake sayarwa ba, tasiri nake sayarwa."

Duk da haka maganar ta shige shi. Ya zauna ya yi nazari mai zurfi, ya gano inda cutar take: mutane na danna mahaɗi su wuce kasuwa ba tare da sun san wanda ya nuna musu hanya ba. Butulci ƙarara. A lokacin ne ya ji labarin karkatar da mahaɗi, wato mai shafi ya sa mahaɗin ya fara biyawa ta wani wuri kafin ya kai mutum inda za shi. Sauran masu shafi suna yin haka don gajarta dogon adireshi, ko don gyara shi in kasuwa ta canza. Malam ya ga wannan ƙarancin buri ne.

Sai ya buɗe sabon shafi, ya ɗora hotonsa: hannu a haɓa, ido a sama, littattafan aro a baya. Ya kafa doka cewa kowane mahaɗi ya fara kai mutum gaban hoton nan. A ƙasan hoton, don adalci, ya sa maɓalli mai cewa "Wuce kasuwa". Abin da bai tuna ba shi ne maɓallin ma mahaɗi ne, dokar kuma ta ce kowane. Ka danna, ya dawo da kai gaban hoto.

Kada a zalunce shi, ya gwada. Ya danna, ya ga fuskarsa, ya daɗe yana kallo, ya gamsu. Bai taɓa zuwa masa a rai cewa wani zai iso nan ya so ya wuce ba.

Nan da nan adadin masu ziyara ya tashi sama, tunda duk wanda ya maƙale sai ya yi ta dannawa, kowace dannawa kuma ana lissafa ta. Malam ya fara tafiya yana jan ƙafa irin ta manya.

"Mutum ɗaya yana dawowa shafina ya sake dawowa a zama guda," ya gaya wa mai aski. "Wannan ya wuce ciniki, ƙauna ce."

Masu rubuto masa "Ina kasuwar?" kuwa, ya goge su duka. Mahassada ne.

Ana jibi kayan Yaya za su iso, ya shirya lacca a shagon. Ya aro talabijin ya haɗa da kwamfutarsa, ya tara tela da mai aski da sauran maƙwabta a kan bokitai da aka kife.

"Jama'a, a da ni nake bin kasuwa. Yau kasuwa ba ta da ƙofa sai ni."

Yaya na gefe tana sauraro. Ta san ba a sayi komai ba, kuma ƙaninta ne, ciki ɗaya. Ba ta son ta fitar da shi. Dutsen gugarta na gida ya mutu, sai ta ce bari ita ta zama mai sayen, a rufa asiri.

Ta karɓi kwamfutar, ta danna mahaɗin dutsen guga. Fuskar Malam ta cika talabijin. Ta danna "Wuce kasuwa". Fuskar Malam. Ta sake. Hannu a haɓa, ido a sama.

"Ko shi ake sayarwa?" tela ya tambaya a hankali.

"Wannan shi masana ke kira riƙe kwastoma," in ji Malam, yana share gumi da hannun kwat.

Yaya ta ajiye kwamfutar. Ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ciwo ke nan.

"Auta, duk duniya ni kaɗai na zo da niyyar saya saboda kai. Ni ma ka tare ni a ƙofa."

Ta tsallaka titi ta sayo dutsen gugarta, a hannu, ba hoto.

Ranar da kaya suka iso, katan ya hau inda teburi yake. Malam yana bakin shago ƙarƙashin rumfa, kwamfuta a cinya, yana shaida wa masu wucewa cewa kamfani ya koma sabon ofishi don ya kusanci al'umma. Dannawa ɗaya Yaya ta yi masa, kuma ita tata karkatarwar ta yi aiki: ya isa inda aka tura shi, bai dawo ba.