Rasuwar Mai-Gaisuwa, Kwamfutar Shagon Alhaji Maiwada

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda takaici ya ƙarasa cika ta har wuya, Alhaji Maiwada mai maganin dabbobi a Kaura Namoda yana sanar da 'yan'uwa da abokan ciniki na Shinkafi da Zurmi da Kasuwar Daji rasuwar kwamfutar shagonsa, wadda aka fi sani da Mai-Gaisuwa. Ta cika ranar Talata da hantsi tana da shekara uku, bayan gajeruwar jinya da ta samo asali daga faɗowa daga kan tebur. Alhaji na kusa da ita a lokacin, kuma bai musa cewa hannunsa ya taimaka ba.

Wani mai bakin zuma ne ya kawo marigayiya daga Gusau, ya zuba mata manhajar kula da abokan ciniki, ya ce magana ɗaya take ji: in kaza ya faru, yi kaza. Alhaji da kansa ya zauna ya tsara mata ƙa'idoji. In mutum ya sayi magani, ta aika masa saƙon godiya. In Juma'a ta zagayo, ta yi wa kowa barka. In wani ya turo saƙo, ta amsa masa nan take da kalma mai daɗi. In kuma mutum ya daɗe bai leƙo shago ba, ta tambayi lafiyarsa. Mai bakin zuma ya ce a sa kwana talatin, Alhaji ya ce a'a, talatin ai naci ne, a sa arba'in. Wannan arba'in ɗin, jama'a, da bakinsa ya faɗe ta.

A yi mata adalci, tunda ba a zagin mamaci: ba ta taɓa makara ba, ba ta taɓa cewa kanta na ciwo ba. Kullum da safe sai a ji ta "ƙit, ƙit, tirin!" ta gaida mutum dubu biyu kafin shayin Alhaji ya huce. Har Alhaji ya tambayi malami ko sallamar inji na da lada, da yake a jiharmu ba a wasa da hukunci. Malam ya ce lada na bin niyya. Alhaji ya riƙe wannan, ya miƙa mata layin wayar shago, ya daina kiran kowa, ya miƙe ƙafa yana jiran lada.

Cikin mutum dubu biyun nan akwai Malam Shu'aibu na Jangeru, wanda shi da Alhaji tun suna yara suke cin tuwo a akushi ɗaya, kuma shi ya fara sayen magani a shagon tun yana tebur a bakin hanya. Ya zo ya sayi maganin tsutsar ciki na shanunsa, ya koma gida da azahar, kafin la'asar Allah ya karɓi abinsa. Babban ɗansa Muhtari ya buga layin shago da wayar mahaifinsa bai samu kowa ba, sai ya rubuta cewa Baba ya rasu, za a yi jana'iza kafin magariba. Marigayiya ba ta ɓata lokaci ba. Ta amsa da abin da aka koya mata tun Sallar bara: "Mun gode da saƙonka, Allah ya maimaita mana."

Tir! Kuma ba ta gaya wa kowa ba. Alhaji bai je jana'iza ba, bai je uku ba, bai je bakwai ba, yana nan zaune yana yaba wa na'urar da ke riƙe masa zumunci.

Ranar addu'ar arba'in, malamai sun cika ƙofar gida a Jangeru, an ɗaga hannuwa, sai wayar mamaci ta yi ƙara a aljihun Muhtari. Ya ga sunan Alhaji, ya ɗauka ta'aziyya ce ta iso a makare, ya miƙa wa liman ya karanta wa jama'a. Liman ya gyara murya ya karanta: "Malam Shu'aibu, yau kwana arba'in ba mu gan ka ba. Ina ka shiga ne? Muna nan muna jiran dawowarka. Naka, Alhaji Maiwada."

Washegari Muhtari ya iso shago, ya ƙi zama, ya ƙi ruwa. Ya ajiye wayar a kan tebur ya ce, "Baba Alhaji, mi munka yi maka?" Alhaji ya karanta saƙon farko, ya karanta na biyu. Yana cikin neman abin faɗa sai marigayiya ta yi "tirin!", ta aika wa wani barka da sayen dusa. Wannan ita ce kalmarta ta ƙarshe.

Ta rasu ta bar allon rubutu ɗaya, da ƙaramin janareta da ya yi mata hidima har ya kamu da tari, da lambobin waya dubu biyu waɗanda har yanzu ba a san nawa ne masu su ke raye ba. Ta kuma bar mai gidanta da kunyar da sabulu ba ya wankewa.

Ba za a yi mata wanka ba, ba za a yi mata sallah ba, ko Hisba ba sai ta zo ta hana ba. Za a ɗauke ta a baro ranar Alhamis zuwa wurin 'yan gwangwan masu sayen tsofaffin ƙarafa da ke bayan tasha, a ɗora ta a sikeli. Masu niyyar zuwa yi wa Alhaji jaje su huta, shago a rufe yake. Yana Jangeru tun jiya, a kan tabarma a ƙofar gidan Malam Shu'aibu, da ƙafarsa ya je, ya bar waya a gida. Ya yi sallama sau uku, yana jiran a amsa.