Jan da Ya Ƙi Tafiya a Sabulun Biki

Ba zan taɓa mantawa da bikin Hafsa, 'yar Goggona, a Limawa ba. Kafin komai: ba asiri na yi ba, kuma mai sayar da kala bai cuce ni ba. Duk masu yaɗa haka ƙarya suke. Son a yabe ni ne ya ja mini.

Sabulun ruwa nake haɗawa. Na roƙi Goggo ta bar mini na rabon biki, don matan unguwa su san hannuna. Kun san matan Minna: kife kwalba suke yi, in sabulu ya gangaro da gudu su ce ruwa ne. Sai na ninka hodar da ke sa shi kauri. (E, ninki biyu. Kada ku tambaye ni.)

Ga kuma lalacina: ba na juya kala a bokiti. Ɗigo nake sawa a kowace kwalba, ya bazu da kansa kafin gobe. Ja na sa, kalar anko, na naɗe su a takarda ban sake dubawa ba.

Ranar wuni wata tsohuwa daga Paiko ta kware nata, ta ɗaga shi sama. Fari fat kamar majina, ga gudan ja a tsakiya yana jan zare.

"Innalillahi! Jini ne!"

Kwalabe suka fara zuba ƙasa. Dangin ango suka tashi tsaye. Goggo ta damƙo mayafina: "Ke Rabi, auren 'yata za ki kashe?"

"Goggo, wallahi kala ce!"

"To uban me ya hana ta narkewa?"

A lokacin na tuna malaminmu na kimiyya. Ya taɓa ɗiga tawada a ruwa da kuma a koko mai kauri. Ta ruwa ta bazu, ta koko ta tsaya wuri ɗaya. Ya ce irin wannan kaurin zarurruka ne dogaye. In sun yi yawa sai su sarƙe, kala ta rasa hanyar wucewa. Ranar ina bayan aji ina cin gyaɗa.

Sai da na wanke fuskata da sabulun a gaban jama'a kafin suka zauna. Idona ya yi jawur, wata ta ce, "Kun gani ko?"

Har yau ba wadda ta sayi ko kwalba ɗaya. Gobe zan fita da bokiti ƙofar gida, in auna hodar daidai, in juya kalar da muciya kowa yana kallo. Mai son kauri ta je ta dama koko.