Jirgin Kawu da Ya Koma Tarwaɗa

Kome zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar da Kawu Sule ya dawo daga Makka ba. Zamanin nan ne da kuɗin mai ya shigo ƙasa, har manoman gyaɗa suka fara hawa jirgi. Ni kuwa ina sakandare a Birnin Kudu, kaina ya kumbura don malaminmu ya ce ina da hannun zane. (Sau ɗaya ya faɗa, na riƙe kamar wasiyya.)

Burina Kawu ya kai ni Kano wurin masu zanen jikin manyan motoci, shi kuma ya ce sai ya ga aikina tukuna. To, da na je hutu garinmu Kwandiko aka ce alhazai na hanya, sai na roƙi Inna, matarsa, ta bar mini bangon zaure in zana jirgin sama. Matsalar ɗaya ce: ban taɓa ganin jirgi a ƙasa ba, sai can sama kamar shirwa.

Na jiƙa farar ƙasa, na kwashe bular wankin Inna, na daka gawayi. Na ja gangar jiki doguwa, na yi fukafukai, sai na tuna an ce jirgi yana da eriya, na ƙara masa biyu a hanci. Ashe bangon sabon yaɓe ne, bai gama bushewa ba. Ya shanye farin tas, fukafukan suka zurara suka ƙanƙance. Ni dai a idona jirgi ne.

Ranar isowarsa ƙofar gida ta cika maƙil. Na tsaya jikin bangon, hannu a aljihu, don in an tambayi gwanin kada a sha wahalar nema. Kawu ya sauko daga mota, makawiya a kansa, ya tsaya yana kallo. Kafin ya buɗe baki wata tsohuwar maƙwabciya, Baba Hajjo, ta riga shi:

"Ikon Allah! Ashe Alhaji ta ruwa ya tafi? Ga tarwaɗa har da gashin baki."

Wayyo ni! Hatta liman sai da ya toshe baki da hannun riga. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Washegari na kwaɓo laka zan shafe, Kawu ya hana ni. Ya ce, "Bar mini kayana, ɗana. Duk mai zuwa yi mini barka sai ya yi dariya kafin ya shigo. Wane alhaji ne ya samu haka?" Zancen Kano kuwa, ya ce in bari in ƙara girma. (Har ya rasu ban gama girman ba.)

Na yi fushi da zane, na yar da burushi. Gidan ya koma gidan Alhaji Mai Tarwaɗa, ni kuma na riƙa zagayawa ta bayan gari don kada in gan ta. Damina ta yi ta wanke ta, ban sani ba. Sai da na je gaisuwar rasuwarsa na tsinci kaina ina shafa bangon, ina neman ko gashin bakin ya rage. Babu ko alama. Wallahi a nan na yi kuka, a nan kuma fushin ya sake ni, don na san Kawu ya so abin nan fiye da yadda zai so jirgi.

Yanzu na koma zane, ina yi wa jikoki. Sai dai na koyi darasi: ba na faɗin abin da na zana. Ina bari mai kallo ya fara faɗa, sannan in ce, "Yawwa, shi ne."