Jatau da Akwatin Muryar Ubansa

Gidanmu mutum shida ne: ni Tabawa, da maigidana, da ɗanmu na uku Jatau, da matarsa da 'ya'yansu biyu. Jatau ya haura arba'in. Ba ya sata, ba ya kasala, ba ya mayar wa babba magana. Aibinsa ɗaya ne: abin da ka gaya masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Ka ce ya jira ka a gindin tsamiya, ko ruwa ya sauko can za ka same shi.

Maigidan kuwa makaɗin noma ne. Shekara hamsin yana bin gayya da ganga, yana zuga maza su yi huɗa. Ni ban taɓa ɗaukar kiɗa a matsayin sana'a ba, kuma na sha gaya masa. Bara maƙogwaronsa ya kumbura. Likita ya ce za a yi masa aiki nan da mako uku, kuma ba lallai murya ta dawo ba. Waƙoƙinsa tara, babu ko ɗaya a rubuce, 'yan amshinsa duk sun riga mu gidan gaskiya.

Jikata Suwaiba da ke karatu a Zariya, ɗiyar babbar 'yata, ta kawo tsohuwar kwamfuta da makirufo don a ɗauki muryarsa a gida. Ta ce saura abu guda, wani ɗan akwati da ake sawa tsakanin makirufo da kwamfuta, in babu shi murya ba za ta shiga da kyau ba. Ta ce akwai masu tsada, amma mai araha ma zai yi idan an iya zaɓe. Na sayar da akuya. Ita ta koma jarrabawa, aka bar Jatau da zuwa Funtuwa, tana ba shi umarni ta waya.

Wata rana ta ce masa, "Kawu, kada ka sayi na farko da ka gani. Ka zaga shaguna, ka tambayi kowa." Jatau ya tafi da sassafe, ya dawo da magariba hannu rabbana. Na ce ina akwati? Ya ce, "Inna, na gama layin masu taya da na masu magani. Gobe masu atamfa da mahauta." Na ce me ya kai ka wurin mahauta? Ya ce, "Kowa ta ce." Kafin na samu Suwaiba a waya ta gyara maganarta, kwana huɗu sun tafi. Tsohon yana zaune a zaure yana tari, yana kaɗa yatsu a gwiwa. Ni kuwa na kasa zama wuri ɗaya, na share tsakar gida sau uku.

Wata rana Suwaiba ta ce, "Ka nemi mai rami biyu a gaba, ɗaya na murya, ɗaya na ganga." Jatau ya saɓa gangar ubansa a kafaɗa, ya shiga shagon wani Sabitu mai sayar da kayan sauti. Sabitu ya jera masa akwatuna. Jatau ya ɗauki kowanne, ya kara ramin da bakin ganga, ya ajiye. Ya dawo gida ransa a ɓace. "Inna, 'yan birni ba su da amana. Ramin ko babban yatsana bai shiga ba, wai ganga za ta shiga." Na ɗauki muciya, na tuna yana da 'ya'ya suna kallo, na ajiye.

Wata rana ta ce, "Kafin a samu akwatin, a gyara ɗaki. A sa abu mai laushi a bango kada murya ta riƙa dawowa. A toshe duk inda hayaniya ke shigowa, Kaka ya fara gwada waƙa." Na je gidan suna, na dawo na tarar babu katifa ko ɗaya a gidan, har tawa, har ta maƙwabcinmu da aka aro ba a gaya wa matarsa ba. Duk suna jingine a bangon ɗakin tsohon. Taga a toshe da buhun auduga, ƙofa da bargo biyu. Na ce ina ubanka? Jatau ya ce, "Yana ciki, Inna. Kin ji ko motsi ba ya fitowa? Aiki ya yi kyau." Na yaye bargo, na tarar da mutumin sharkaf da gumi yana haki. Da ya sha ruwa na ce ka yi waƙar? Ya ce, "Wa zan yi wa, Tabawa? Katifa ce za ta yi huɗa ko buhu ne zai amsa?" Daga ranar ya daina taɓa gangar. Saura kwana shida.

Na karɓi wayar da kaina. Na ce, "Suwaiba, ilimin naki ya ishe ni. Ki faɗa wa kawunki magana ɗaya wadda ba ta da reshe." Ta ce, "Kawu, ka koma wurin Sabitu. Kada ka biya sai an haɗa kowane akwati an gwada shi sosai, da irin muryar da za a ɗauka." Ni ma na ƙara tawa: "Kuma ba a sayen komai da kuɗin akuyata sai na ji da kunnena." Sai ruwa ya sauko kwana huɗu a jere, gulbi ya hana hanya.

Wata rana, ana gobe za a kwantar da tsohon a asibiti, na fito daga madafa ban gan shi ba, ban ga ganga ba, ban ga babur ɗin Jatau ba. Matar Jatau ta ce, "Ya goya Baba sun tafi gwaji. Wai muryar da za a ɗauka tana wuyan Baba, ba a cire ta." Mara lafiya, a kan babur, ranar kasuwa, cikin rana tsaka. Na yi yawo tsakanin zaure da bakin hanya har ƙafata ta yi zafi. Na shirya maganganun da zan gaya wa Jatau, na zubar, na shirya waɗanda suka fi su.

Abin da ya faru, daga bakin Sabitu na ji daga baya. Akwati biyar gare shi. Ya haɗa na farko da kwamfutarsa, ya ce Baba ya ce "ɗaya, biyu". Jatau ya ce, "A'a. Sosai aka ce. Waƙa guda, daga kai har gindi." Shagon a buɗe yake, bakin hanyar masu hatsi. Tsohon ya bugi ganga, murya a dushe. Wani dattijo da buhun masara a ka ya tsaya, ya amsa. Wani ya ajiye keke, ya amsa. Kafin a kai akwati na uku, manoma sun cika ƙofar, wasu tun suna samari suka yi gayya da waƙoƙin nan. Murya ta buɗe. Da aka gama na biyar Sabitu ya ce, "To, wanne?" Jatau ya ce, "Na manta yadda na farkon yake. A sake zagayowa." Sabitu ya dubi taron da ke ƙofarsa, ya sake jona waya. A haka waƙa tara suka ƙare. Ya sake cewa wanne, Jatau ya ce, "Sai Inna ta ji." Dole Sabitu ya zuba masa gwaje-gwajen da kwamfuta ta ɗauka duka a wayarsa.

Suka dawo da la'asar sakaliya, ba akwati. Na buɗe baki, Jatau ya miƙo waya. Na saurara tun daga farko har ƙarshe, a tsaye. Ya ce, "Wanne ya fi, Inna?" Na ce duk ubanka ne. Je ka sayi mafi araha.

An yi aikin. Kumburi ya tafi, murya ta bi shi. Yanzu da hannu yake kira na. Akwatin da aka saya yana hannun Suwaiba, ba a taɓa ɗaukar ko tarin tsohon da shi ba. Abin da ya rage mana gwajin nan ne, har da kukan akuyar wani da Jatau yana cewa "a sake".

Ranar da muka dawo daga asibiti gidan ya yi tsit, irin wanda na shekara hamsin ina nema. Na zauna, na tashi, na sake zama. Na kira Jatau na ce, "Kunna abin nan, kada ka kashe sai na ce." Yanzu idan wutar wayar ta ƙare ya ruga wurin mai caji, ya dawo ya ɗora daga inda ta tsaya. Damina ta wuce, an yi girbi. Kullum da safe sai ya dube ni. Ban ce ba tukuna.